Masu Ƙwanƙwasa wa Ashafa Ƙofa

A Hunkuyi kowa ya san Ashafa dillalin masara. Mutum ne mai tsafta, ba ya tauye mudu, amma yana da ciwon da ya girma da shi: ya yi imani idon duk garin a kansa yake. In ya ɗinka riga aka yaba, hassada ce. In ba a yaba ba, wannan ma ta fi muni. Alhali ba abin da ya mallaka da zai hana wani barci, daga rumfa ɗaya a kasuwa sai babur mai tari.

Abokinsa ɗaya ne tak, maƙwabcinsa Maiwada manomin rake. Tun suna samari suke ciyayya, bayan Magariba kowa ya fito da kwanon gidansa su haɗu a dakalin Ashafa. Maiwada ya iya sauraro, shi ya sa zaman ya ɗore.

Sai Samira, 'yar Ashafa da ke aikin jinya a Zariya, ta kawo masa na'urar intanet ta gida don ta riƙa ganinsa ta bidiyo. Ta kafe ta a bangon zaure, ta haɗa da sola, ta sa masa wata manhaja a waya. Ta ce mai gadi ce: duk wanda ya taɓa layin daga waje za ta tare shi, ta kuma sanar da maigida.

Kafin ta isa Zariya wayar ta fara ƙara. Yana alwala, ƙit, an tare wani. Yana tsakiyar ciniki, ƙit. Wani zai ji haushi, Ashafa kuwa daɗi ya ji har cikin ransa. Ya riƙa bi rumfa rumfa yana nuna wa mutane fuskar wayar.

"Da ina faɗa kuna cewa zargi ne. To ga shi nan, na'ura ma ta shaida."

Ya karɓo laya ya rataya wa na'urar a eriya, ya turara mata habbatus sauda har ta yi baƙi. Ƙarar ba ta ragu ba. Daga nan ya yanke cewa maƙiyin ba nesa yake ba.

Wata rana suna cikin cin tuwo, Maiwada ya ciro wayarsa ya duba lokaci. A daidai nan ta Ashafa ta yi ƙit. Ashafa ya tsame hannu daga miya.

"Ashe kai ne, Maiwada."

"Ni ne me?"

"Mai ƙwanƙwasa min ƙofa ba sallama. Me kake nema a gidana da ba ka samu a kwanona ba?"

Wayar Maiwada 'yar ƙarama ce mai tocila, an ɗaure bayanta da roba, saƙo ma da ƙyar take aikawa. Ya dube ta, ya dubi Ashafa, ya suɗe yatsunsa. Ya ɗauki kwanonsa ya tafi. Abin ya yi masa ciwo ƙwarai, kuma bai sake hawa dakalin ba.

Da Samira ta zo ganin gida, uban ya zayyana mata yaƙin da yake yi. Ta duba wayar ta girgiza kai.

"Baba, ba mutum ba ne. Injuna ne a ƙasashen waje, aikinsu ke nan su bi layi layi suna taɓa ƙofar kowa. Har ta asibitinmu suna taɓawa."

"Wato ba su san sunana ba?"

"Ba su ma san akwai Hunkuyi ba. Me ya haɗa Baba Maiwada da wannan? Ka je ka ba shi haƙuri."

Ta kashe ƙarar, ta ce mai gadin za ta ci gaba da aikinta shiru.

Da Magariba Ashafa ya zauna a dakali shi da kwanonsa. Can tsallaken hanya Maiwada na ciyayya da mutanen Uwaisu tela, ana ta dariya, kuma ko sau ɗaya ba a waiwayo Ashafa ba. Ya kasa kunne ko da shi ake, ya ji ashe hirar kuɗin taki ce. Tsakaninsa da su bai fi ya sa takalmi ya tsallaka ba. Ya ajiye wayar kusa da kwano, tana nan shiru kamar dutse, tuwon ya huce.

Ya leƙa cikin gida ya kira 'yarsa.

"Samira, zo ki mayar min da ƙarar nan."