Wayar da Malama Riskuwa Ta Mayar

Shekara goma sha bakwai Malama Riskuwa ta yi tana koyar da matan masunta karatu a ajin yaƙi da jahilci na Lolo. Duk wadda ta noƙe sai ta ce mata, "Ke Inna, riƙe allin nan, ba ya cizo!"

Bara aka zo da sabon tsari. Aka raba wa malamai wayoyin shafa, aka ce ta nan za a riƙa aika sunayen masu zuwa aji. Jami'in da ya zo daga Bagudo ya yi bayani a gurguje, ya ce, "Kowa ya gane ko?" Riskuwa ta gyaɗa kai, alhali ba ta gane komai ba.

Wata biyu wayar tana ƙasan akwati. In ofis ya tambaya, sai ta ce sabis ɗin ƙasar Benin da ke tsallaken iyaka ne ke shigo mata. Ta rame, ta fara yi wa ɗalibai tsawa. Daga ƙarshe ta mayar da wayar, ta ce idanunta sun gaji. Ba a samu madadinta ba, aka rufe ajin.

Ran kasuwar Lolo ta tarar da ɗalibarta Jummai mai kifi tana shafa waya, sai Riskuwa ta faɗa mata gaskiyar abin da ya sa ta mayar da tata.

"Haba Malama! Don wanga abu? Da kin tambaye ni! Ai da baƙaƙen da kika koya min nake latsa ta."

Riskuwa ta tsura wa yatsun Jummai ido.

Jummai ta sassauta murya. "Saura shafi tara fa mu gama littafin, Malama."