Sha'aban da Gwajin Hula

Matso kusa, gyara zama a tabarmar nan, in ba ka labarin Sha'aban mai haɗa dish, mutumin Daura da ba ya yarda da kowace wayar talabijin sai ya gwada ta da hula.

Sha'aban da allura ya tashi. Mahaifinsa maɗinkin hula ne, a wurinsa ya koyi zare da zane har ya zama saurayi, sannan ya koma gyaran rediyo. Bayan zuwan shari'a, da magidanta da yawa suka gwammace iyalinsu su yi kallo a gida, sai ya shiga haɗa dish. Ya bar allura, amma idon maɗinki bai bar shi ba. In ya gama haɗi, tashar labarai yake kamowa, kuma ba fuskar mai karanta labaran yake kallo ba, hularsa yake ƙura wa ido.

Na sha jin bayaninsa a bakin shagonsa. Ya ce wayar eriya, mai zagayayyen baki da tsinke a tsakiya, iyakarta ta gaya maka mutum yana sanye da hula. Mai baki uku, ja da fari da rawaya, za ta nuna maka launin hular, amma zanen a cakuɗe kamar ya yi zuba a wanki, don hoton gaba ɗaya ta rawayar nan yake matsowa, sauran biyun na murya ne. Mai baki biyar ta fi ta nesa ba kusa ba. Ita kuwa HDMI, mai faffaɗan baki ɗaya, har inda allura ta shiga ta fita take nunawa. Yakan ƙara da cewa in tasha da dikoda ba su aiko hoto mai kyau ba, ko ta zinariya ce wayar ba za ta ƙirƙiro shi ba.

To, wata shekara aka kira shi Baure, gidan wata dattijuwa mai suna Nagoggo. Jikanta Hafizu ya kai zagayen ƙarshe a musabaƙar Alƙur'ani, za a nuna kai tsaye bayan azahar. Ita ta ɗinka masa koriyar hula da hannunta, da idon da ya fara gajiya, ya kuma yi mata alkawarin da ita zai hau mumbarin karatu. 'Ya'yanta sun saya mata faffaɗar talabijin da sabuwar dikoda, amma hoton sai ka ce ana leƙe ta labule.

Da Sha'aban ya yi sallama, ya tarar an riga an fara. Maƙwabta sun cika tsakar gida, ga Hafizu an kira sunansa yana gyara zama. Ƙawar Nagoggo, Lami, wadda suka tsufa tare suna tsokanar juna, ta kanne ido ta ce, "Nagoggo, mijin nan naki ya shiga birni ya yi miki saki. Wannan ai hular kanti ce, dubi ƙyallinta."

Nagoggo ta kai fuskarta dab da gilashin, ta ja baya. Kore dai kore ne, amma zane babu. Ta sauke hannunta a cinya.

Sha'aban ya leƙa bayan talabijin, ya ga mai baki uku ce a jone, tsohuwar da aka ciro daga bidiyon gidan. Da ya fito daga Daura an ce masa dish ne ya goce, don haka bai zo da wata waya ba. Ya ce, "Inna, a kwalin dikodar nan babu wata baƙar waya mai kauri, bakinta a baje?"

"Wannan igiyar? Ai mun ga ba ta da launi ko ɗaya, ba mu san ramin da za ta shiga ba. Tana can na ɗaure ƙofar akurki da ita. Ta fi duk igiyar da na taɓa samu ƙwari."

Ya nufi akurkin da sauri, ya kwance ta, kaji suka watse tsakar gida mata na kora. Ya kakkaɓe dusar da ta shiga bakin, ya hura, ya goge da gefen rigarsa, ya jona. Allon ya yi baƙi ɗan lokaci, Lami har ta fara cewa ya kashe musu kallo, sai hoton ya dawo tar.

Sha'aban ya dubi hular ya ce, "Wannan ɗinkin hannu ne. Inji ba ya yin wannan cikon."

Nagoggo ba ta ji shi ba ma. Ta ɗora yatsa a gilashin, saman kunnen hagu na Hafizu, ta ce, "Lami, taso ki gani. Nan koren zarena ya ƙare, na aika kasuwa ba a samu irinsa ba, na cike da mai duhu. Wane kanti ne ke sayar da wannan?"

Lami ta duba da kyau, ta ce, "To, na janye. Auren yana nan."

"Sai ki yi mana shiru, maigidana yana karatu."

Sha'aban bai bar gidan ba sai da ya samo wata igiyar ya ɗaure akurkin. Har yau in ka je shagonsa sayen waya, zai jona maka su ɗaya bayan ɗaya, ya kamo mai hula, ya koma gefe ya bar ka da idonka.

Kai fa, ka taɓa leƙa bayan talabijin ɗinka? In aka nuno hular da ka sani, za ka gane ta?