Ɗan Azumi, Direban da Ya Nemo wa Constance Sunanta

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Da safiyar Talata, 14 ga Oktoba, 2025, Allah ya karɓi ran aminina Ɗan Azumi Mahamane a ƙofar gidansa da ke garin Beltsville a Amurka, yana da shekara hamsin da huɗu. Ya fita ya tayar da mota, matarsa Salamatou ta ji inji na ta aiki mota ba ta motsa ba, ta leƙa ta tarar da kansa a kan sitiyari. Likitoci sun ce zuciya ce. Da ta kira ni, sau uku ina tambayarta, "Wane Ɗan Azumin?" alhali guda ɗaya na sani.

Ɗan Azumi, ranar Lahadi fa muka ci tuwo tare a gidana. Ko ciwon kai ba ka ambata ba.

Shekara goma sha shida kana kai tsofaffi marasa lafiya asibiti, kana sa musu waƙoƙin ƙuruciyarsu don su manta da allura. Shekara uku da suka wuce ka ɗauko wata dattijuwa daga garin Clinton, mai suna Constance. Ka sa wata tsohuwar waƙar baƙaƙen Amurka, irin wadda suke kira rhythm and blues, wadda sunanta da Hausa zai zama "Jirgin Ƙarfe Bakwai Bai Tsaya Ba". Mahaifinka yana da faifanta a Damagaram, ka haddace ta tun ba ka jin Turanci. Sai dattijuwar ta ce, "Ɗana, ƙara sautin. Ni na rubuta kalmomin nan." Ka ce da farko ka ɗauka tsufa ne, sai da ta rera maka baiti na uku wanda ba ya cikin faifan.

A hanyar asibiti ta ba ka tarihin. A 1964 suka yi waƙar su uku, a ɗakin bayan wani shagon aski a Washington: yayanta Lemuel ya yi karin, wani abokinsa mai kaɗa piyano ya tsara kiɗan, ita kuma tana da shekara goma sha tara ta rubuta kalmomin, kan ranar da ta je tasha tarar saurayinta bai sauko ba. Mahaifinsu mai wa'azi ne a coci, ba ya yarda da waƙar duniya, don haka ita da kanta ta roƙi kada a sa sunanta. Waƙa ta zaga duniya da sunayen maza biyu. Su biyun suka rasu, babu sauran shaida. Ko jikokinta murmushi kawai suke yi in ta faɗa.

Kai ba ka yi murmushi ba. Ranakun hutunka suka ƙare a ɗakunan karatu da gidajen mutanen da ba ka sani ba. Muna yi maka tsiya, muna cewa direba ya zama farfesa. Ka ce mini, "Fatihu, yabon gwani ya zama dole, ko da ya makara." Bayan shekara biyu ka gano Abby, 'yar mai piyanon, a Baltimore. A cikin akwatin mahaifinta kuka sami littafin da aka fara rubuta waƙar a ciki, da rubutun Constance, a ƙasa kuma Lemuel ya rubuta cewa kalmomin na ƙanwarsa ne. Kamfanin da ke sake buga faifan ya amince ya ƙara sunanta. Faifan farkon da suka aiko shi ka nuna mini ranar Lahadi, kana ta shafa sunan da yatsa, ka ce ranar Talata za ka miƙa mata.

A kujerar gefenka cikin motar muka sami faifan. Ni na kai mata da azahar. Ta buɗe ƙofa da jakarta a hannu, tun safe tana jira, ta ce, "Bai taɓa makara ba." Na faɗa mata. Ta zauna a kan matakala, faifan ma ba ta duba shi ba. Can ta tambaye ni me Musulmi ke cewa in nasu ya rasu. Na ce, "Mama, Allah ya jiƙansa muke cewa." Ta yi ta maimaitawa, harshenta na tuntuɓe, har ta faɗe shi daidai.

Allah ya jiƙanka, Ɗan Azumi, ya yafe maka kurakuranka, ya haskaka makwancinka, ya sa ɗawainiyar da ka yi da tsofaffin mutane ta tsaya maka ranar gobe. Ina miƙa ta'aziyyata ga Salamatou, da 'ya'yanka Abdoul Aziz da Aïchatou, da danginka na Damagaram. Allah ya ba mu haƙurin wannan rashi, in tamu ta zo ya sa mu cika da imani.