Kwastan ta Ƙofar Masu Ciwon Ƙoda

Kafin likita ya iso, ita ta riga ta goge teburinta, ta shimfiɗa farin ƙyalle, ta zauna a bakin ɗakin duba masu ciwon ƙoda. Duk mai shiga sai ya juye jakar magungunansa a gabanta. Ba ta karɓar bayanin baki. Shi ya sa majinyata suka laƙaba wa nas ɗin Kwastan, ba kuma don ƙauna ba. A wannan watan za ta ajiye aiki, asibiti kuma zai ba ta agogon bango, kamar yadda yake ba duk wanda ya daina buƙatar sanin lokaci.

Waɗanda suka yi layi a bencinta ba su manta da wani tsohon tela ba. Ƙodarsa ta yi rauni, ciwon huhu ya sha kwantar da shi, har likita ya gaya wa iyalinsa cewa in ya sake dawowa da ƙarfi, ba lallai ya tashi ba. Wata rana da safe matarsa ta kawo shi yana tari, numfashinsa sama-sama.

"Mama, juye," in ji Kwastan.

Ta juye. Na hawan jini, na ƙarin jini, komai daidai.

"Saura ƙaramin aljihun."

"Wane aljihu?"

"Wanda hannunki bai bar kansa ba tun da kika zauna."

Da ƙyar ta zaro kwalin. "Wannan ai ba magani ba ne, 'yar nan. Na ƙwannafi ne kawai."

Shekarun baya aka rubuta masa na 'yan makonni, ba wanda ya tuna ya ce a daina. Tun daga nan kullum sai ya haɗiya. 'Ya'yansa masu biyayya ne, duk wanda ya zo gaida shi sai ya riƙo kwali.

Kwastan ta rage murya. Ta ce tsamin da ke cikin tumbi mai gadi ne, yana kashe ƙwayoyin cuta. In ana danne shi kullum, suna iya samun hanya su kai ga huhu, mai ciwon ƙoda kuwa garkuwar jikinsa ta riga ta gaji.

"Ban ce shi ne ya kwantar da Baba ba. Wasu dole su sha shi. Amma likita bai san da shi ba."

"Ke ce kike zama da shi in ƙirjinsa ya kama da wuta?" in ji Mama. "Ki ƙwace. Kafin mu isa gida na sayi wani."

Gaskiya ta faɗa, Kwastan kuma ta sani. Ikonta bai wuce bakin ƙofar nan ba.

"Ku gama rabon gadona," in ji tela, "ni dai iska nake nema." Ya so ya yi dariya, tari ya sarƙe shi, har leɓunansa suka sauya launi.

Kwastan ta tallafe shi har ya lafa. Sannan ta tura kwalin gaban matar.

"Riƙe abinki, Mama. In na ƙwace, kin ce za ki sayi wani. Ke za ki ajiye shi gaban likita da hannunki, ko ki mayar aljihu. Mijinki ne."

Suka shiga, kwalin a dunƙule cikin tafin Mama. Kwastan ta kira na gaba, tana duba magungunansa, kunnenta na ga ƙofar da aka bari a buɗe. Ta ji likita ya tambaya ko akwai wani abin da yake sha. Ya sake tambaya. Can sai ta ji ƙarar kwali a kan tebur.

An kwantar da tela a ranar, an tari ciwon huhun da wuri. Likita ya janye maganin sannu a hankali, don yankewa farat ɗaya na tayar da tsamin. Ƙwannafi ya dawo na ɗan lokaci, Mama kuma ta daina amsa gaisuwar Kwastan. Wannan ce lambar yabon da ta samu. Tela dai yana nan, yana faɗa da masu kawo ɗinki a makare.

Ke ce mai gadin da ba a yi wa godiya, Kwastan. Kowa na yabon hannun da ke miƙa magani, ke kuwa kin ƙare ƙuruciyarki kina tambayar wanne ne ya wuce wa'adinsa. An harare ki, an zage ki a ciki, ba ki fasa ba. Mun gode. Masu tasowa a aikin su koyi tambaya ta biyu, mu kuma mu daina raba magani gida biyu, na gaske da na "kawai".

A ranar asibiti ta makon jiya, wata sabuwar majinyaciya ta tsaya tana gardama da jakarta a ƙirji. Mama ce ta zungure ta daga benci.

"Juye, 'yar'uwa. Har ƙaramin aljihun."