Tambayar da Kawu ya yi kan rangwamen haraji

"Wallahi mutumin kirki na, sallar jam'i ba ta wuce shi!"

Wani direba ne ke faɗin haka jiya a teburin mai shayi a tashar Sabon Birni. Ana gardama ne kan wani dattijo mai neman kujera, ɗan ra'ayin riƙau, mai yawan kira a koma tarbiyyar iyaye da kakanni.

Wani tela ya ce wane kirki, mutumin da ko ta'aziyya bai taɓa zuwa ƙauyukanmu ba.

Direban ya ɗaga murya: "Ai ya yi alkawali, duk magidancin da ke da ɗiya da yawa za a rage mai haraji. Wanga ba son iyali ba ne?"

Kawuna yana zaune kusa da ni. Bara ya baro Gatawa, bayan 'yan bindiga sun kashe masa 'ya'ya samari biyu a gonar gero.

Sai ya dubi direban ya ce a hankali, "Ɗana, to ni da anka rage wa ɗiya, ƙara mini haraji za a yi ke nan?"

"Baba, ba haka nike nuhi ba."

"Na sani. Ka gaya mai shi bar harajin yadda yake, za ni biya. Shi tsare muna sauran ɗiyan."

Ya tashi ya bar shayinsa.

Ku masu yabon halin dattijon nan, ina sauraronku: me za ku ce wa Kawu?