Akuyar Hajja a Saman Bene

Shekarun baya, ina karatu a Alƙahira, na kama ɗaki a Ainu Shams, gidan wata dattijuwa da muke kira Hajja. A saman benenta mai hawa biyar take kiwo: kaji, agwagi, zomaye da akuya guda ɗaya. Mijinta ya daɗe a kwance, nonon akuyar nan kaɗai cikinsa ke karɓa.

Ni kuwa na cika mata baki cewa cikin awaki na tashi. Gaskiyar magana, mahaifiyata ke kiwon, nawa cin nama ne da Sallah.

Ranar da za ta kai mijin asibiti sai ta miƙo min mabuɗin sama. "Ya ibni, ɗana, ka ba su abinci."

Na tarar da damin barsim, ɗanyar ciyawar da suke saye a kasuwa, jiƙe sharkaf. Na kwance shi duka na zube wa akuyar, wai ni mai kyauta. Kafin la'asar cikinta ya kumbura tim, tana nishi, ƙafafunta na rawa.

Ina tsaye ina ta salati Hajja ta hawo tana haki. Ko kallona ba ta yi ba. Ta bubbuga cikin akuyar, ta kasa kunne.

"Yalla, yi sauri, kawo man girki!"

Da na kawo ta ɗura mata, ta sa na ɗaga ƙafafun gaba, ita kuma ta durƙusa tana murza gefen hagu, tana lallashinta ƙasa-ƙasa. Hannuwana sun sage, tsohuwar nan ba ta tsaya ba. Can sai akuyar ta saki wata doguwar gyatsa, daidai fuskata.

"Alhamdulillah," in ji Hajja, ta zauna daɓas.

Na ce, "Hajja, ki yafe min. Ban taɓa kiwo ba."

"Na sani tun ranar da agwagwa ta kore ka. Ma'alish, ba komai. Gobe da safe ka hawo."

Shekara biyu ina hawa benen nan. A wurinta na koyi tatsa, da gane dabba marar lafiya tun daga tsayuwarta. Ba ta iya karatu ba, amma cikin malamaina nake lissafa ta. Har yau in wani ya yi min ɓarna, na buɗe baki zan yi faɗa, ita nake tunawa, sai in fara neman abin da za a iya cetowa tukuna.