Akwatin Kiɗan Kawu da Kwan Fitilar Maiyama

Ana sallame sallar asuba ranar Talata muka tada mota daga Birnin Kebbi, ni da abokina mai motar, wanda ya yarda ya kai ni bisa sharaɗin ba zan ce masa ya ƙara gudu ba. Waɗanda suka san ni a cikinku sun san sharaɗin ya yi mini nauyi. Ni mutum ne da ko shayi ba na jira ya huce, kullum harshena a ƙone yake.

Ga abin da ya fitar da ni. Kawuna, ƙanen mahaifiyata da ya riƙe ni a Aliero, makaɗin jita ne a ƙuruciyarsa. Shi da abokansa sun zagaya bukukuwa har Yawuri da Argungu, kafin aure da noman albasa su kama shi ya ajiye kiɗa. Bara ɓarin jikinsa na hagu ya shanye. Tun daga lokacin ya shige ɗaki, magana sai da ƙyar, abinci sai an yi ta lallashi ya ci loma biyu ya ture kwano. Makon jiya matarsa, wadda muke kira Inna, ta buga mini waya ta ce, "Kawunka ya ce a tada mishi akwatin kiɗinai. Shi kaɗai na yaf faɗi, bai ƙara komi ba." Shekara guda bai nemi komai ba sai wannan. Na ce mata kafin Juma'a zai ji shi, alhali ban ma san halin da akwatin yake ciki ba.

Hanya lafiya lau har Kalgo, iska da sauran sanyinta kafin ranar bazara ta fito da halinta. A fadama masu shinkafar rani sun riga mu fita, injinan ban ruwa suna ta tari. Mun karya a Jega da waina da miyar taushe, kusa da inda manyan motoci ke tsayawa. Wainar ta ƙanƙance tun zuwana na baya, kuɗinta kuwa ya yi ƙiba. Da na yi ƙorafi, mai tuyar ta ce in je in yi wa mai shinkafa, ita ma aiko ta aka yi.

Aliero ba ta bukatar allon suna. Hanci ne ke gaya maka ka iso. An gama cire albasa, buhuna jere a bakin titi, a bayan gari kuma rumfunan kara da ake ɗagawa daga ƙasa don iska ta ratsa sun cika fili. A ɗakin da ake ajiye irin albasa muka sami akwatin, ƙarƙashin tsofaffin buhuna. Amfilifaya ce ta da, ta katako, baƙar fatar jikinta ta ɓare a kusurwa, lasifika a gaba, nauyinta kamar buhun gero. Ta baya idan ka leƙa za ka ga wasu 'yan kwalabe na gilashi guda biyar a tsaye. Su ne bawul, su ke ƙara ƙarfin sauti, kuma sai sun yi ɗumi suke aiki.

Muka fito da ita ƙofar ɗakin Kawu. Da ya gan ta idonsa ya canza, ni kuwa gaggawata ta motsa. Na ce a jawo janareta. Ɓera ya cinye kan igiyar wutar, amma wannan bai hana ni ba, na fara feƙe waya da haƙori zan cusa ta tsirara cikin soket. Sai na ji ana dukan tabarma. Kawu ne da hannunsa mai lafiya. Ya daɗe yana haɗa kalmar kafin ta fito.

"Kak ka taɓa. Jega. Garba."

Haka muka juya Jega da akwati a kujerar baya, an ɗaure shi da bel kamar mutum. Masu gyaran waya na bakin titi ba wanda ya san wani Garba, ɗaya ma ya leƙa bayan akwatin ya tambaye ni ko na'urar ƙyanƙyasar ƙwai ce. Wani tela ne a Sabon Gari ya nuna mana lungun. Malam Garba mai rediyo tsoho ne siriri, shagonsa cike da gawar talabijin har rufi, a kunnensa kuma gashin kaza yake saƙale inda wasu ke saƙala biro. Da shi yake share ƙura. Bai tambayi sunana ba. Ya dafa saman akwatin ya ce, "Wanga na ɗan Aliero na. Yana da rai?" Na ce yana nan, sai dai jiki. Ya ce in miƙo masa sukundireba.

Na zauna a benci ina kallon aiki. Abin da ya fara ba ni mamaki, hannunsa na hagu a aljihu yake duk lokacin da na dama ke cikin akwatin. Ya ce sabo ne, domin irin waɗannan suna riƙe wuta a ciki ko an kashe su, kuma wanda ya sa hannu biyu wutar ta ƙirjinsa za ta bi. Ya zare bawul ɗin ɗaya bayan ɗaya, ya goge ƙafafunsu, ya jera su a kan tsumma yadda ya same su. Ya nuna mini wani ɗigon dalma ya ce nasa ne, tun yana saurayi ya yi shi. Da ya buɗe gidan fis sai ya yi dariya har da tari. Babu fis, takardar gwangwanin kwalin taba ce aka naɗe aka cusa. "Aikin Kawunka na. Ana tsakar biki fis yam mutu, shi ko ba ya tsayawa." Ashe gaggawar nan gado na yi.

Sauran yinin ya tafi wajen canza kwandansa, wasu 'yan gwangwanaye masu tara wuta da suka bushe saboda daɗewa. Sababbi babu su a Jega, sai ya ciro masu ƙarfi daga cikin matattun talabijin ɗinsa, yana auna kowace da mita. Da la'asar na ce to sai mu kunna. Ya dube ni ta saman tabarau. Ya ce abin da ya yi shekara talatin yana barci ba a sakar masa wuta gaba ɗaya. Idan akwai inda waya ta haɗe a ciki, taransifoma ce za ta ƙone nan take, irinta kuwa ko Kano ba a samu. Dabararsu ita ce a ratsa wutar ta cikin kwan fitila kafin ta shiga akwatin. In da matsala, kwan zai shanye wutar ya haska sosai, akwatin ya tsira. In lafiya, zai haska sau ɗaya ya dushe. Amma sai kwan fitila irin na da, mai zare a ciki, mai zafi. Nasa na ƙarshe ya mutu bara.

Na ɗauka abin wasa ne. Mun zagaye kasuwar Jega rumfa rumfa, kowa sai ya miƙo mana masu farin haske na yanzu, yana rantsuwa sun fi. Wani ya ce rabonsa da ganin irin wancan tun kafin ya yi aure. Gab da magariba wani mai sayar da abincin kaji ya ce akwai wata Hajiya a Maiyama da ke ɗumama 'yan tsaki da su. Mun kwana a gidan ɗan'uwan abokina, aka ba mu tuwon shinkafa da miyar kifin gulbi, na ci har na ji kunya. Amma raina yana kan Juma'ar da na ambata wa Inna.

Da safe muka kama hanyar Maiyama. Titin Yawuri ne, tireloli suna wucewa motarmu tana rawa, gonaki a share ana jiran ruwa. Mun tsaya wajen wasu matan Fulani a gindin kuka muka sha fura, nonon da kauri, ba a cika masa ruwa ba. Gidan Hajiyar ba ya ɓata, kukan kaji ya kai mu. Dattijuwa ce mai jiki da fara'a, ta saurari labarina tana zuba dusa. Ta ce uku suka rage mata, ta naɗe su a zani sai sanyin damina ya shigo, kuma ba na sayarwa ba ne ko nawa zan ba ta.

"Amma don marar lahiya, in ba ka aro. Kai dai na ga hannunka rawa shikai. In zaren ga yat tsinke, ɗiyan kajina ka kashe."

Ta cika kwanon sha da dusa, ta binne kwan a tsakiya, ta ɗaure da ɗankwali. Haka na rungumo shi a cinya. Jama'a, a hanyar dawowa ni da bakina na ce wa abokina ya rage gudu. Ya juyo ya dube ni, ya ce in maimaita zai ɗauka a waya don iyalinsa su ji.

Malam Garba ya riga ya sa sabuwar igiya da fis na gaskiya. Ya ɗaura kwan a wani tsohon katako mai soket, ya tabbatar lasifika a haɗe take, domin ya ce kunna irin wannan ba lasifika kashe ta ne. Ya yi bisimilla ya danna. Kwan ya haska fau, ya ƙi dushewa. Ya kashe nan da nan. Na ce shi ke nan. Shi kuwa ko a jikinsa. Ya kifa akwatin, ya bi wayoyi da tocila kusan awa guda, ni ina kai da komo a ƙofar shago har ya ce in zauna ina tare masa haske. Can a ƙarƙashin gindin bawul ɗaya ya sami gidan zanzaro, laka ta danne wayoyi biyu da rigarsu ta ruɓe har suka haɗe. Ya ɗago busasshiyar lakar ya ajiye mini a tafin hannu. Na tuna wayar da na feƙe da haƙori jiya, da na cusa ta da tuni akwatin ya ƙone.

Karo na biyu kwan ya haska, sannan a hankali ya ja baya har ya zama ja kamar garwashi. Cikin kwalaben nan biyar wani ɗan jan haske ya taso. Sai wari ya biyo, ƙura mai zafi da albasa, shekara talatin na albasa, shago duk ya gauraye kamar ana suya. Tela na maƙwabta ya leƙo yana tambayar wa ke girki. Malam Garba ya taɓa kan wayar da ake haɗa jita da ita da babban yatsa, lasifika ta yi gurnani. Daɗin da na ji a lokacin ba zan iya kwatanta shi ba.

Ya bar ta a kunne har la'asar, sannan ya yi mini huɗuba. A kunna ta ko sau ɗaya a mako, zama ne ke kashe su. A jira ta yi ɗumi kafin a kaɗa, a jira ta huce kafin a ɗaga. Kada ta sha wutar janareta sai ta bayan sitabilaiza. Kuma a raba ta da ɗakin albasa.

Ranar Alhamis da hantsi muka shigar da ita ɗakin Kawu. Jitar tana ƙarƙashin gadonsa cikin buhu, na sa mata tsirkiyar da na sayo tun a Birnin Kebbi a shagon da ke sayar wa coci-coci kayan kiɗa. Muka jingina shi da bango, na ɗora masa jitar a cinya. Sai a lokacin na ga abin da kwana uku ban yi tunaninsa ba. Hannun hagu ne ke danna tsirkiya, nasa kuwa yana kwance a kan tabarma. Kunya ta kama ni, na rasa inda zan sa idona.

Shi ya riga ya yi wannan tunanin. Ya nuna mini gefensa na hagu da haɓa, na zauna. Ya kama yatsuna uku da hannunsa na dama, ya dasa kowane a inda yake so. Na kunna akwatin, na ce ya kaɗa mana.

"Bari shi yi ɗumi," in ji Kawu.

Muka jira. Ya miƙa hannu ya dafa saman akwatin, ya lumshe ido yana shaƙar warin. Sannan ya sauke babban yatsa a kan tsirkiya. Sautin ya fito da kauri, ya cika ɗakin ya fita tsakar gida, har awaki suka ɗaga kai. Ya riƙa zungurina da gwiwa idan lokacin matsar da yatsu ya yi, ina kuskurewa yana tsaki. Rabona da jin tsakin Kawu shekara guda, ban san na yi kewarsa ba. Inna tana bakin ƙofa, ta rufe baki da gefen mayafi. Mun yi kusan rabin awa a kan ɗan kiɗa guda. Da ya gaji ya jingina kai, ya dubi ƙofa ya ce, "Ke, da sauran ɗumamen ga?" Inna ta kawo, ya cinye, ya suɗe hannu.

Mun bi ta Maiyama mun mayar wa Hajiya kwan fitilarta a cikin dusarsa, ta ɗaga shi a rana ta duba zaren kafin ta amsa gaisuwata. Ana kiran magariba muka shigo Birnin Kebbi.

Abin da na koyo bai da yawa. Na fita da niyyar gyaran akwati, na tarar tsofaffi uku kowa yana gaya mini in dakata, kuma duk inda na dakata nan abin ya yi kyau. Da na bi halina da na ƙone wa Kawu abu ɗaya da ya roƙa. Jiya Inna ta kira ta ce ya sa an fitar masa da tabarma gindin dalbejiya, kuma yana tambaya wa zai danna masa tsirkiya, tunda Garba ya ce sau ɗaya a mako. Kan yatsuna uku har yanzu zafi suke yi. Na ce ta gaya masa ranar Asabar ya jira ni, a kunna akwatin tun kafin in iso.